Gafaka, akwatin ƙarfe, kabad ko roba: ina ya dace littattafan gado da takardun gida su kwana?

Shekara huɗu ke nan da aka kwaso littattafan kakanmu daga Tawa zuwa Yamai, cikin buhu biyu da wata tsohuwar adaka mai lanƙwasasshen murfi. Akwai Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafakarsa, akwai kundaye na fiƙihu da na madahu, akwai bugaggun littattafan Misira masu rawayar takarda, sannan takardun gona da na haihuwa da wasiƙun ajami da ba wanda ya san suna ciki. Daren da aka zube su a kan tabarma gardama ta kaure. Kawu ya ce a je kasuwar Katako a sayo akwatin ƙarfe, a zuba, a datse da kwaɗo. Ƙanwata ta ce a kai kowace takarda a liƙe ta da roba kamar yadda ake yi wa katin ɗan ƙasa. Yayanmu ya ce a ɗauki hoto da waya, a kai sauran jami'a kowa ya huta. Ni kuwa kabad nake so, don in riƙa ganinsu.

Na ce, "Kawu, in aka rufe su, wa zai riƙa dubawa?" Ya ce, "Kai dai yaro, abin da aka rufe shi ke daɗewa." Maganar babba ce, aka bi ta. Wata takwas bayan nan muka gane rabinta ne gaskiya.

In kai ma kana tsaye a wannan mararraba, ko littattafan gado ne a hannunka, ko takardun makaranta, ko na wata ƙungiya, ga yadda na auna hanyoyin bayan na gwada wasu da hannuna, na kuma ga abin da wasu suka yi wa maƙwabta.

Ma'aunin da za mu yi amfani da shi

Na farko ruwa da laima. Mutane suna ɗauka tunda ƙasarmu busasshiya ce takarda ba ta da matsala. Wata tara haka ne. Amma a watan Agusta iskar Yamai tana cika da laima, kuma fumfuna tana tashi ne idan laimar iska ta haura kashi 65 cikin 100 ta daɗe a haka. Masu aikin adana takardu sun fi son ta tsaya tsakanin 35 da 50. Da hunturu da farkon bazara kuma sai ta faɗi ƙasa da 20, fata ta tsattsage, takarda ta yi ƙauri tana karyewa in an lanƙwasa. Wannan hawa da sauka, shekara bayan shekara, shi ke gajiyar da takarda. Tawa ta fi Yamai bushewa, amma daminarta ma tana jiƙa iska, ga ƙura da ta fi yawa.

Na biyu zafi. Ƙiyasin da masana suka saba bayarwa shi ne duk ƙarin zafi na kamar digiri 5 yana cinye rabin kwanan takarda mai asid, wato sinadarin nan mai tsami da ke cin takarda. Yanzu ka tuna ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da waje ma ya wuce digiri 40.

Na uku masu baki: gara, kyankyaso, ɓera, da ɗan ƙwaron nan mai ƙyalli kamar azurfa da ke kankare fuskar takarda.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa, shi ne abin da mazubin kansa ke yi wa abin da ke cikinsa. Ƙarfe yana tsatsa, katako da kwali suna fitar da asid, wata robar tana zufa.

Sai sauƙin ɗauka da mayarwa ba tare da an yaga ba, sai kuɗi. Na ƙarshe kuma a wurina ya fi duka nauyi: in ka gane ka yi kuskure, za ka iya warwarewa?

Kafin mu shiga zaɓi, ka san irin takardar da ke hannunka, don ba duka ne ƙarfinsu ɗaya ba. Tsofaffin littattafan hannu na ƙasar Hausa yawanci an rubuta su ne a kan takardar da aka yi da tsummokaran auduga da lilin a arewacin Italiya, aka biyo da ita ta Tarabulus ta ƙetaro hamada. Ɗaga warƙa ɗaya wajen haske, sau da yawa za ka ga alamar jinjirin wata uku a cikinta. Irin wannan takarda tana iya yin ɗaruruwan shekaru. Daga tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da niƙaƙƙen itace, wadda ke ɗauke da asid a jikinta, tana cin kanta da kanta. Shi ya sa kundin kakan kakanka yake da laushi har yau, alhali littafin da babanka ya sayo a Makka a shekarun 1970 ya yi ja yana marmashewa, tsohuwar jaridar Le Sahel kuwa ba a magana. Amma tsohon kundi yana da nasa rauni. Tawadarmu ta baƙin hayaƙi ko gawayi da ƙaro ruwa ke narkar da ita, kamar dai yadda ake wanke allo. Ɗigo ɗaya daga rufi ya isa ya share layi uku.

Gafaka da tadarishi

Waɗanda suka ƙirƙiro wannan hanya sun san abin da suke yi. Warƙoƙi a sake, ba ɗinki ba gam, a dafe su tsakanin allunan tadarishi biyu, a ɗaure, a zura cikin gafaka. Haske ba ya shiga, ƙura ba ta shiga, littafi kuma ba ya taɓa ƙasa. Ga littafin da ake karantawa kullum har gobe ban ga abin da ya fi ta ba, kuma dukawa na nan suna ɗinkawa a cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata da cikin gidan tarihi na Boubou Hama, a farashin da ba ya karya mutum.

Aibinta uku ne. In ta daɗe a rataye, warƙoƙi suna zamewa ƙasa, gefensu ya tattare ya cinye. In tadarishi bai kai girman takardar ba, ko igiyar ta matse da yawa, nan ma gefe ne ke biya. Sannan fata ita ce ke fara yin fumfuna da damina, sabuwar fata da aka shafa wa mai kuma tana bar wa warƙar farko tabo. Maganin duka mai sauƙi ne: a sa farar takarda tsakanin fata da rubutu gaba da baya, a kwantar da gafakar maimakon rataya, kada kuma ta jingina da bangon ƙasa inda gara ke bin hanyarta. Tsohuwar gafaka ko ta tsufa kada a yar, ita ma tarihi ce. Sai dai gafaka tufa ce kawai, tana buƙatar ɗakin kwana, wato ɗaya daga cikin masu zuwa.

Akwatin ƙarfe

Wannan shi ne zaɓin yawancin gidaje, kuma da dalili. Yana da araha, maƙeran Katako suna ƙera shi kowane girma, ɓera ba ya huda shi, gara ba ta cinsa, ana datse shi, kuma ranar da ruwa ya shigo gida mutum biyu za su ɗauke shi su fita. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen unguwannin Lamorde da Kirkisoy a Yamai da suka ga cikar kogin Isa ta 2020 sun san darajar abin da ake iya sungumewa cikin dare.

A cikin irin waɗannan akwatuna ne aka fitar da dubun dubatar littattafan Timbuktu zuwa Bamako a 2012 da farkon 2013, wasu ta mota wasu ta jirgin ruwa, lokacin da ƴan bindiga suka riƙe garin. Akwatin ya cece su daga wuta da ganima. Amma da suka isa, sai ta zama an gudu ba a tsira ba: Bamako ta fi Timbuktu laima nesa ba kusa ba, littattafai kuma a cunkushe. Sai da aka nemi injinan tsotse laima, aka shiga yi wa kowane littafi kwalinsa.

Abin da ya same mu ke nan a ƙaramin mataki. Mun rufe namu akwatin a tsakiyar Agusta, littattafai sun sha laimar hanya, aka ajiye shi a kan siminti jikin bango. Da muka buɗe a Afrilu wani wari ya buge mu. Bangon littattafai huɗu ya yi fari-fari da fumfuna, takardun da ke ƙasa sun ɗauki zanen tsatsa, nauyin na sama kuma ya murƙushe wani ƙaramin kundi. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, ai ban ce kada a buɗe ba." Ba wanda ya tanka.

Akwati yana tsare abin da ka rufe a ciki, har da laimar da ka rufe tare da shi. Saboda haka in shi ka zaɓa, rufe shi da rani, lokacin da komai ya bushe. Shimfiɗa farin alawayyo a ciki, wanda aka wanke aka fitar da sitacinsa, don sitaci abincin ƙwari ne. Ɗora shi a kan bulo ko benci, aƙalla taƙi ɗaya daga ƙasa, ka janye shi daga bango. Manya a ƙasa, ƙanana a sama, kada a cika shi har sai an danna murfi. In sabon fenti ne, bar shi a buɗe makonni har warin ya fita. Kuma a buɗe a duba aƙalla sau uku a shekara: kafin ruwan farko, tsakiyar damina, da bayan kaka. Babban rauninsa shi ne ɗauka. Duk lokacin da kake neman abu ɗaya sai ka ɗaga goma, kowace ɗagawa kuma tana cin wani abu.

Kabad: na katako ko na ƙarfe

Ga littattafan da ake amfani da su, kabad ya fi akwati ta kowace fuska sai kuɗi da sauƙin ɗaukewa ranar ambaliya. Kana ganin abin da kake nema, ka zaro shi kaɗai, iska na zagayawa, ɓarna kuma ba ta yin wata takwas ba a gan ta ba.

Na katako ya fi kyan gani a falo, amma gayyatar gara ne, musamman in ƙafarsa na kan ƙasa bayansa na manne da bango. Gara tana shigowa ta baya, ta cinye cikin littafi ta bar maka bango lafiya lau. Katakon da aka haɗa da garin itace da gam ya fi muni, don yana fitar da tururi mai asid, in ya sha laima kuma ya kumbura ya lotsa. Na ƙarfe irin na ofis, mai gasasshen fenti, shi ne ɗakunan ajiyar tarihi ke amfani da shi. Sabo yana da tsada, ya ninka akwati sau da yawa, amma ana samun na hannu. A duba tsatsa a kusurwoyi kafin a biya. Ƙofar gilashi tana da kyau, sai dai haske yana kashe tawada mai launi yana kuma ƙona takarda, don haka kada ta fuskanci taga.

Ɗakin da kabad ɗin yake ya fi kabad ɗin muhimmanci. Ɗakin tsakiya wanda rana ba ta dukan bangonsa, nesa da makewayi da madafa, ba ƙarƙashin inda rufi ke yoyo ba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi na kwano daidaiton zafi, in dai an kula da gara da indararo. Kilim, wato injin sanyaya ɗaki, da ake kunnawa da rana a kashe da dare, ko wanda ke tsayawa duk sa'ad da aka ɗauke wuta, yana wasa da takarda tsakanin sanyi da zafi, gara ma fanka. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa kuwa, wadda ta cika gidajen Yamai da bazara, kada ta kwana ɗaki ɗaya da littattafai. Aikinta ke nan, watsa laima.

Roba mai murfi da leda

Robar ajiya mai murfi tana da abu ɗaya da sauran ba su da shi: yoyo da fantsamar ruwa ba sa ratsa ta. Ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, ƴan jikkuna sun isa. Juya gindinta ka duba lambar da ke cikin alamar kusurwa uku. Mai lamba 5, ko 2, ko 4, ba ta cutar da takarda. Mai lamba 3 ita ce PVC, a guje ta. Ita ce irin aljihun robar nan mai laushi da wari da ake zura takardu, wanda bayan shekara biyu za ka ciro fotokopi ka tarar rubutun ya koma jikin robar.

Matsalar rufe laima a nan ta fi ta akwatin ƙarfe tsanani, don roba ba ta numfashi ko kaɗan. A sa takarda busasshiya ƙaƙas, a jefa ƴan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, a riƙa sauya su. Ɓera yana iya huda ta, zafi yana sa ta tsufa ta fashe. Baƙar leda kuwa, wadda iyayenmu ke ƙulle takardar fili a ciki su tura ƙarƙashin katifa, ita ce mafi sharri: zufa a ciki, nauyin mutum a sama, lanƙwasa huɗu da ke zama yaga huɗu. Rubutun hannu na tawada kuma kada a zura shi aljihun roba ko mai kyau ne, don roba tana jan ɓarɓashin tawada ta ɗauke shi daga takarda.

Liƙewa da roba mai zafi

A nan ba ni da sassauci. Kafin a gama shawara ƙanwata ta kai takardu biyu wani shago. Ɗaya rasit ne irin na injin kanti, ya fito baƙi ƙirin, don irin wannan takarda zafi ne ke rubutu a kanta. Ɗayar wasiƙar ajami ce ta kakanmu. Ta fito tana ƙyalli, an datse gefenta da almakashi don ta daidaita, kuma yau akwai wani kumfa a tsakiyarta da ke faɗaɗa. Garin neman gira aka rasa ido.

Injin yana narkar da gam ya shige cikin zaren takardar. Ba a ɓare shi sai da fuskar rubutun. Asid ɗin da ke jikin takarda yana nan a kulle yana aikinsa, robar ma da shekaru tana yin rawaya ta buɗe ta gefe. Ban da haka, takardar hukuma da aka liƙe tana iya jawo maka gardama, tunda ba a iya taɓa hatimi ko ƙara wani rubutu a bayanta. In kana son abin da zai jure aljihu da zufa, yi fotokopi ka liƙe kwafin. Asalin ya zauna a gida.

Ƴan uwan wannan ɓarna su ne sikoci da ake liƙa wa yaga, wanda ke bushewa ya faɗi ya bar jan tabo har abada, da ƙusar maƙala takardu da ke tsatsa, da robar ɗaure kuɗi da ke narkewa ta manne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yagaggiyar warƙa a sa ta cikin ninkakkiyar farar takarda a bar ta haka.

Naɗi da kwali marar asid

Wannan shi ne abin da ƙwararru ke yi: kowane kundi da kwalinsa daidai girmansa. Na ainihi daga waje ake kawo shi, yana da tsada, ba kuma kowane shago ke da shi ba. Amma ana kusantarsa da abin da ke kasuwa. Yawancin farar takardar ofis ta yanzu ba ta da asid, wadda kuma aka rubuta ISO 9706 a jikin ƙunshinta, da alama mai kama da 8 a kwance, an yi ta ne don ta daɗe. Ninka babbar takarda ta zama riga ga kowane kundi, naɗe da wankakken alawayyo, ɗaure da zaren auduga mai faɗi ba matsewa, rubuta sunan littafi a waje da fensir don kada a riƙa kwancewa ana nema. Kwalin taliya ko na sabulu da ake roƙa a kanti bai dace ba. Yana da asid, ramukansa kuma gidan kyankyaso ne. Naɗi shi kaɗai ba ya hana ruwa ko ɓera, amma shi ke mayar da akwati ko kabad wurin da takarda za ta daɗe, kuma in na gida ne kuɗinsa kaɗan ne.

Hoto

Hoto yana ceton magana, ba ya ceton takarda. Duk da haka a yi shi, don yana rage taɓawa, kuma in gobara ta zo shi ne zai rage. Waya mai kyau ta isa: a inuwa mai haske, ba walƙiya, takarda a kwance, waya a saitinta daga sama. Kafin ka fara, sa wa warƙoƙi lamba da fensir mai laushi a kusurwa. Kundi a sake in ya watse, abin da zai mayar da shi kawai shi ne kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi mai nuna farkon na gaba, kuma ba kowa ke iya bin ta ba. Kada a danne littafi a kan gilashin injin fotokopi, nan ne gadon bayansa ke karyewa. WhatsApp yana rage ingancin hoto in ba a tura shi a matsayin fayil ba. A ajiye a wuri uku, ɗaya a wani gari, don waya tana ɓata, katin ajiya yana mutuwa ba sallama.

Miƙa wa cibiya

A Yamai, cibiyar binciken tarihi da rayuwar al'umma, wato IRSH, ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen littattafan hannu na Larabci da ajami, mai ɗauke da dubban kundaye, wanda tushensa tarin da Boubou Hama ya fara haɗawa ne lokacin yana shugaban majalisar dokoki. Akwai kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. A irin waɗannan wurare akwai masu karanta tsohon rubutu, su gane marubuci da zamani, su sa littafi cikin jerin da masu bincike za su same shi. Kuɗin aljihunka ba ya fita. Abin da ke fita shi ne littafin daga hannunka, kuma a gidaje da yawa wannan ba ƙaramar magana ba ce, don ana ganin albarkar gida na tare da shi. Kafin a kai, magada duka su yarda. A rubuta a takarda ko kyauta ce ko ajiya, a lissafa warƙoƙi, a nemi ganin ɗakin da za su zauna, a karɓi hotuna. A Jenne ta Mali iyalai suna kai littattafansu ɗakin karatu na gari su kasance har yanzu mallakarsu, don haka neman irin wannan sharaɗi ba baƙon abu ba ne.

| Hanya | Kuɗi | Ruwa da laima | Gara da ɓera | Sauƙin ɗauka | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gafaka | Matsakaici | Rauni | Rauni | Sosai | Fumfuna, cinyewar gefe |
| Akwatin ƙarfe | Araha | Matsakaici | Ƙarfi | Wuya | Rufe laima, tsatsa, danniya |
| Kabad na katako | Matsakaici | Rauni | Rauni | Sosai | Gara ta baya |
| Kabad na ƙarfe | Tsada | Matsakaici | Ƙarfi | Sosai | Ba ya ɗaukuwa ranar ambaliya |
| Roba mai murfi | Araha | Ƙarfi daga waje | Matsakaici | Matsakaici | Zufa a ciki |
| Liƙewa da roba | Araha | Ƙarfi na ɗan lokaci | Matsakaici | Sosai | Ba a warwarewa |
| Naɗi marar asid | Araha in na gida ne | Rauni | Rauni | Sosai | Ba ya tsayawa shi kaɗai |
| Hoto | Kusan kyauta | Bai shafe shi ba | Bai shafe shi ba | Sosai | Ɓacewar fayil |
| Cibiya | Kyauta | Sai an duba ɗakin | Sai an duba ɗakin | Sai an je | Rashin yarjejeniya a rubuce |

Abin da teburin bai nuna ba shi ne hannu. Da na jera ɓarnar da ke jikin littattafan kakanmu, ta mutane ta fi ta gara yawa: kusurwar da yawu ya cinye wajen buɗe shafi, da'irar kofin shayi, rubutun biro na wani jika, littafin da aka riƙa fizgowa ta saman bayansa har ya tsage. Hannu wankakke busasshe ya isa, ba sai da safar hannu ba. Fiya-fiya da sauran maganin feshi kada su taɓa takarda, a fesa a ƙasa da bango bayan an fitar da littattafai. Busasshen ganyen dogon yaro yana ɗan korar ƙwari, amma a ƙulle shi cikin ƙyalle a gefe, kada a cusa tsakanin shafuka. In kuma ruwa ya riga ya taɓa, kwana biyu zuwa uku kake da su kafin fumfuna ta tashi. A baza a inuwa gaban fanka, a riƙa sa farar takarda tsakani ana sauyawa. Shanya a rana tana murɗe takarda ta kashe tawada.

Wa ya dace da me

In takardun hukuma ne kawai, na fili da na haihuwa da shaidar karatu, a buɗe lanƙwasarsu, kowace cikin rigar farar takarda, a roba mai lamba 5, a saman kabad. A yi yawo da kwafi.

In kana unguwar bakin kogi ko gidan da ruwa ke kwanciya, ƙaramin akwatin ƙarfe biyu sun fi babba ɗaya, a ɗora su sama, mafi daraja kuma a sa su cikin roba a cikin akwatin.

In malami ne kai mai ɗalibai, ko kana kula da ɗakin karatun makaranta ko masallaci, ka daure ka sayi kabad na ƙarfe ko na hannu ne. Littafin da hannu da yawa ke nema a yi masa kwafi, shi ɗalibai za su riƙa ɗauka.

In kana Tawa ko ƙauyukanta a gidan ƙasa, ƙura da gara ne abokan gabarka kafin laima: gafaka ko naɗi, cikin akwatin ƙarfe a kan bulo, da leƙa bayan akwatin duk wata.

In kundi ne tsoho wanda ya fara marmashewa, ko ba wanda ya rage a gidan da ke iya karanta shi, ko magada sun watsu har ana maganar a raba warƙoƙi kowa ya ɗauki tubarraki, a ɗauki hoto a raba hoton, a je a yi magana da cibiya tun littafin yana cikakke.

Mu dai a ƙarshe akwatin Kawu muka riƙe, muka goge tsatsarsa, muka naɗe kowane kundi, muka ɗora shi a kan benci a ɗakin tsakiya. Bugaggun littattafan suna kabad. Makullin yana hannun Kawu, kuma shi ne yanzu ke kirana a waya in hadarin farko ya haɗu, ya ce in zo a buɗe.